Barbacoa: Naman Meziko Mai Zare-Zare, Da Yadda Ake Dafa Shi A Tukunyar Lantarki

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba.

Yau kicin za mu shiga, kuma kicin ɗin mutanen Meziko. Duk mai yawo a TikTok ko Instagram na san ya taɓa cin karo da bidiyon nan: an ɗauko ɗan faifan burodi marar kauri, an zuba masa nama da ya dahu ya zama zare-zare, an ninke, an tsoma cikin jan romo, an kai baki. Wasu su ce taco, wasu su ce birria. Tambaya biyu ce ke zuwa ran mutum idan ya gani. Naman mene ne wannan? Kuma ta yaya nama ke yin laushi haka ba a daka shi ba?

Bari mu fara da ta farko, don ita ce ta fi muhimmanci a wajenmu. Idan ka shiga intanet kana neman yadda 'yan Meziko ke dafa nama mai zare-zare, yawancin abin da zai fara fito maka na alade ne. Akwai carnitas, na jihar Michoacán, naman alade ne da ake dafawa cikin kitsensa a wata ƙatuwar tukunyar tagulla. Akwai cochinita pibil na yankin Yucatán, shi ma alade ne. Har tacos al pastor ɗin nan da ake gasawa a tsaye a jikin ƙarfe mai juyawa, wanda asalinsa shawarmar da 'yan ci-ranin Labanon suka kai Meziko ce, yanzu da alade ake yin sa. Wanda karatu ko aiki zai kai Amurka ko Meziko ya riƙe waɗannan sunaye, ya ƙara da puerco da cerdo, wato alade, da manteca, wato kitsen alade, don shi kitsen har cikin wake da burodin fulawa suke sa shi.

To amma ba nan girkinsu ya tsaya ba. Suna da barbacoa, suna da birria, kuma waɗannan biyun da rago da akuya da sa ake yin su. Su za mu yi magana a kai.

Kalmar barbacoa ba ma ta Meziko ba ce tun asali. Daga bakin mutanen Taino na tsibiran Karibiyan Sifaniyawa suka ji ta, sunan wata ragaya ce ta itace da ake ɗora nama ko kifi a kai bisa wuta. Wani marubucinsu, Gonzalo Fernández de Oviedo, ya sa ta a littafi a 1526, kuma daga gare ta ne Turanci ya samo kalmar barbecue. Shi kuwa dafa abinci a cikin rami, mutanen ƙasar sun daɗe suna yi tun kafin Bature ya zo. Mutanen Maya pib suke ce wa ramin. Abin da ba su da shi a lokacin shi ne dabbobin. Babu rago, babu akuya, babu sa, babu alade a ƙasar sai bayan da Hernán Cortés ya sauka a 1519, ya ci birnin Tenochtitlan a 1521, Sifaniyawa suka fara shigo da dabbobinsu a jiragen ruwa. Kafin nan talotalo ne da barewa da zomo. Kun ga ke nan ramin na 'yan ƙasa ne, ragon na baƙi ne, haɗuwarsu ce ta haifi barbacoa ta yau.

Inda aka fi sanin ta shi ne jihar Hidalgo, arewa da birnin Meziko, musamman garin Actopan. Ga yadda suke yi. A haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya, a hura itace a ciki har duwatsun da aka jera su yi zafi jau. A ɗauko ganyen maguey, wata shuka ce mai manyan ganyaye masu kauri da ƙaya a gefe, ta yi kama da ƙatuwar alobera, a babbaka ganyen ya yi laushi, a shimfiɗa shi a jikin ramin. A can ƙasa a ajiye tukunya mai ɗan ruwa da shinkafa da wani nau'in wake da kayan ƙamshi. A ɗora ƙarfe a bakin tukunyar, a jera naman rago a kai, a lulluɓe da ganyen, a rufe ramin da ƙasa yadda ko tururi ba zai fita ba. Shi ke nan, sai kowa ya je ya kwanta. Da asuba a buɗe. Duk ruwan da ya tsatso daga jikin naman ya ɗiga cikin tukunyar nan ta ƙasa, ya zama romon da suke kira consomé. Abincin safiyar Asabar da Lahadi ne a wajensu, kuma abincin biki.

A arewacin ƙasar da kudancin Texas kuwa, kan sa suke binnewa ɗungurungum, su ci kumatu da harshe. Mu da muka san langaɓu ba za mu yi mamakin wannan ba. Birria kuma ta jihar Jalisco ce, Halisko ake furtawa, asalinta naman akuya ne cikin haɗin busasshen barkono. Wadda kuke gani a bidiyo, ta naman sa da cuku, daga birnin Tijuana ta bazu ta shiga Amurka, daga nan waya ta kai ta ko'ina.

Yanzu tambaya ta biyu, batun laushi. Nan ne nake so a saurara da kyau, don wanda ya gane wannan ya huta da ɓata nama.

A jikin dabba, duk gaɓar da ke aiki tuƙuru, kamar wuya da kafaɗa da ƙauri da kumatu, cike take da jijiya da tantani. Abin da ya gina jijiyar nan wani sinadari ne da ake kira kolajin. Shi ne ke sa nama tauri. Idan ka ba nama wuta mai ƙarfi cikin gaggawa, tsokar za ta tsuke ta matse ruwan jikinta, kolajin kuma yana nan daram, sai ka samu nama kamar roba. Amma idan zafin cikin naman ya haura digiri 70 ya zauna a nan tsawon sa'o'i, a hankali kolajin zai narke ya koma jelatin, wani abu mai danƙo da santsi. Kun san yadda farfesun ƙafar sa ke daskarewa idan ya kwana ya huce? To jelatin ɗin ke nan. Da zarar abin da ya ɗaure zaren tsoka ya narke, zaren zai rabu da kansa, jelatin kuma ya lulluɓe shi, shi ya sa za ka ji naman da laima a baki ko da ya yi awa takwas a wuta. Yawanci sai zafin cikinsa ya kai digiri 90 zuwa 95 yake saki gaba ɗaya.

Ma'ana, naman da ya fi dacewa da wannan girki shi ne wanda mutane ke ƙi a wajen mahauci. Wuya, kafaɗa, ƙauri, kumatu, jelar sa. Tsoka zalla ta cinya, wadda kowa ke nunawa da yatsa yana cewa a yanko masa nan, ita ce mafi muni a nan, don ba ta da kolajin da kitsen da za su cece ta, za ta fito a bushe kamar igiya. A wannan zamani da kilon nama ya zama abin da ya zama, ni a ganina sanin yadda za ka mayar da nama mai jijiya ya fi tsoka daɗi ba ƙaramin ilimi ba ne. Haka lokacin layya, wuyan rago da kafaɗarsa da ake soyawa har su zama sai mai haƙori, nan ne wurinsu.

Tunda muna kan batun laushi, bari in faɗi wani abu. Masu jefa ƙwayar farasitamol cikin tukunya don nama ya yi saurin dahuwa, don Allah a bari. Magani ne mai ƙa'idar sha, yawansa yana lalata hanta, kuma wanda ka zuba wa abincin bai san ya sha ba. Abin da ke tausasa nama shi ne lokaci da wuta 'yar kaɗan.

Wani zai ce ai dambun nama ne wannan. A ido sun yi kama, amma manufarsu ta bambanta. Dambu ana dafa shi, a daka, a soya har ruwan jikinsa ya ƙone, don ya yi watanni bai lalace ba. Barbacoa da ruwanta ake son ta, kuma ba ta jure ajiya a waje.

To mu da ba za mu haƙa rami a tsakar gidan haya ba, ya za mu yi? Nan tukunyar da Turawa ke kira slow cooker ta shigo. Ni dai tukunyar sannu zan riƙa ce mata. Kasko ne na tangaran mai kauri, zaune cikin gidan ƙarfe mai ɗumama shi da lantarki, da murfin gilashi. Wani Ba'amurke mai suna Irving Naxon ne ya ƙirƙiro ta, ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1940. Abin da ya ba shi tunanin labarin wani abincin Yahudawa ne, cholent, da ake yi a gidan kakanninsa a Lituweniya, wanda ake kai tukunyarsa gidan burodi ranar Juma'a ta kwana cikin sauran zafin tanda. Kamfanin Rival ya saye kamfaninsa a 1970, ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971, daidai lokacin da matan Amurka ke ta fita aiki suna neman abin da zai dafa abinci ba sa gida. Idan ka duba, aikin ramin Hidalgo take yi: zafi kaɗan, rufi ruf, tururi na zagayawa, ba mai taɓawa. Abu ɗaya da ba za ta ba ka ba shi ne ƙamshin hayaƙi da na ganyen maguey.

Kafin ka saya, musamman ta gwanjo, juya ta ka karanta abin da aka rubuta a ƙasanta. Wadda aka yi don Amurka 120V za ka gani, wutarmu kuwa 230V ce, kana jona ta kai tsaye ta ƙone. Nemi mai 220 zuwa 240, irin ta Ingila. Ba ta da cin wuta. Yawancinsu ba su wuce wat 200 zuwa 300 ba. Mai wat 200 idan ta yi awa takwas, yunit 1.6 ta sha, alhali butar dafa ruwa ta lantarki ita kaɗai wat 2,000 take ja. Shi ya sa mai sola da inbata mai ɗan ƙarfi zai iya riƙe ta.

Sai kayan haɗi. Ran girkin nan busasshen barkono ne, amma kada kalmar barkono ta ruɗe ku. Nasu na ɗanɗano ne da launi, yajinsa kaɗan ne. Suna da guajillo, gwahiyo ake cewa, suna da ancho mai ɗan zaƙi-zaƙi, suna da chipotle wanda aka busar da hayaƙi. A ma'aunin yaji na Scoville, guajillo yana tsakanin 2,500 da 5,000, ancho bai ma kai haka ba. Attaruhunmu kuwa daga 100,000 yake farawa har 350,000. Don haka idan ka ga an ce a sa barkono takwas, ka ɗauko attaruhu takwas, wallahi ba mai iya cin naman. Abin da ya fi kusa da nasu a kasuwarmu shi ne busasshen tattasai. Ba abin mamaki ba ne, don tattasai da barkono da tumatir da masara duk asalinsu nahiyar Amurka ne, daga can suka zo mana.

Ga awon da nake amfani da shi na kilo biyu na nama da ƙashinsa. Busasshen tattasai manya guda takwas, attaruhu ɗaya ko biyu, albasa babba ɗaya, tafarnuwa ƙwaya takwas, tumatir biyu, kanumfari huɗu, ɗan guntun girfa, ƙaramin cokali ɗaya na kumin, ɗaya na masoro, ɗaya na tayim a madadin oregano ɗinsu, khal babban cokali uku ko ruwan lemon tsami guda uku, gishiri babban cokali ɗaya, ruwa kofi ɗaya.

Ka fasa tattasan ka zubar da 'ya'yan, ka goge ƙurar jikinsa, ka ɗora shi a busasshen kasko ba mai, daƙiƙa ashirin zuwa talatin kowane gefe. Da ka ji ƙamshi ya tashi ka kwashe. Tsaya a kansa fa, don yana yin baƙi zai yi ɗaci, kuma ɗacin zai bi naman gaba ɗaya. Sai ka jiƙa shi a ruwan zafi minti ashirin ya yi laushi, ka haɗa da sauran kayan ka markaɗa ya yi sumul. Idan kana so ka kamo ɗan ƙamshin hayaƙin nan, gasa tumatir da albasa da attaruhun a kan garwashi su yi ɗan baƙi-baƙi kafin markaɗe.

Naman a yanka shi manya-manya, kamar dunƙulen hannu. A shafa gishiri, a soya shi sama-sama a mai kaɗan da wuta mai ƙarfi har bayansa ya yi ja. Wasu na tsallake wannan, girkin kuma yana yiwuwa, amma ni ba na tsallakewa, don tukunyar sannu ba ta kai zafin da ke sa nama ya yi launi da ƙamshin gashi. Idan akwai ganyen ayaba, a wanke, a ɗan nuna shi ga wuta ya yi laushi, a shimfiɗa a cikin kaskon. A kudancin Meziko ma da shi suke naɗe nama. A jera naman, a juye markaɗen a kai, a ninko ganyen, a rufe.

Kada ruwa ya shanye kan naman. Kofi ɗayan nan ya isa. A tukunyar gas ruwa ƙonewa yake, a nan kuwa ba inda za shi, tururin na komawa ciki, naman ma zai fitar da nasa. Kuma kada a cika kaskon, rabi zuwa kashi biyu cikin uku shi ne daidai. A murɗa zuwa Low, awa takwas zuwa goma. Idan ana sauri a sa High, awa biyar zuwa shida, sai dai na Low ya fi laushi. Daga nan abin da ya rage shi ne ka cire hannunka. Duk buɗe murfi ɗaya zafin da ya taru ne ke gudu, sai ta ɗauki kamar minti ashirin kafin ta dawo inda take. Alamar ya yi, ka soka cokali mai yatsu ka murɗa. Idan naman ya rabu ba gardama, ƙashi ya zame da kansa, ya yi. Idan yana turjiya, bai ƙone ba, bai lalace ba, lokaci ne bai cika ba. Rufe ka ƙara masa awa ɗaya.

Yanzu ga maganar da masu bidiyon can ba za su yi maka ba, don su ba a ɗauke musu wuta. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da 60. Naman da ya zauna a wannan tsakani sama da awa biyu ya shiga haɗari, a lokacin zafi irin na watan Afrilu ma awa ɗaya ce. Saboda haka kada ka sa daskararren nama daga firiza kai tsaye, zai daɗe bai ɗau zafi ba, bari ya saki tukun. Idan aka ɗauke wuta kana gida, maza ka juye naman cikin tukunyar ƙarfe ka ƙarasa a gas ko gawayi. Kada ka ɗora kaskon tangaran ɗin a kan wuta, tsagewa zai yi. Idan kuwa ka fita, ka dawo ka tarar an ɗauke, tukunya ta yi sanyi, ba ka san tun yaushe ba, shawarar masana lafiyar abinci ita ce a zubar, ko da a ido ya yi kamar ya dahu. Na san zubar da kilo biyu na nama akwai ciwo. Amma wasu ƙwayoyin cutar suna barin dafi a abinci wanda sake tafasawa ba ya kashe shi, kuma kuɗin ƙarin ruwa a asibiti na mutum huɗu ya fi kuɗin naman. Don haka idan wutar unguwarku ba ta da tabbas, kada ka kunna ta ka tafi aiki. Yi a ranar da kake gida.

Wanda ba shi da tukunyar kwata-kwata ma bai rasa ba. Tukunya mai kauri da murfi mai kamawa, ruwa kofi biyu maimakon ɗaya, wuta can ƙasa yadda romon zai riƙa motsi kaɗan-kaɗan ba tafasa ba, awa uku zuwa huɗu, ana leƙawa saboda kamu. Garwashin da aka rufa wa toka ma yana yin wannan aiki sosai.

Idan ya dahu, a tsame naman, a cire ƙashi, a sa cokula biyu masu yatsu a ja shi ya rabu. Kada ka razana da ganin ya ragu, kilo biyu mai ƙashi kusan rabinsa zai saura. Romon a bar shi ya ɗan lafa, jan mai zai taso sama, a kwashe shi a ajiye gefe, kada a zubar. A ɗanɗana gishiri, a ɗebi ludayi biyu na romon a zuba wa naman ya sha. Sai wata dabara da na aro daga masu carnitas: a baza naman a kasko mai zafi da ɗan jan man nan, a ƙyale shi ba juyi minti biyu zuwa uku, ƙasan ya yi ƙus-ƙus, saman na nan da laushinsa.

Su da tortilla suke ci, faifan da ake yi da masarar da aka dafa da farar ƙasa aka niƙa, a arewacinsu kuma da fulawa. Mu burodin shawarma ƙarami ya wadatar, gurasa ma ta yi. A shafa masa jan man, a ɗora a kasko, a zuba nama, a ninke, a juya ɗaya gefen. A kai a barbaɗa ɗanyar albasa yankakka ƙanana da ganyen koriyanda idan an samu, a matsa lemon tsami. Lemon nan kada a raina shi, naman yana da maiƙo, tsamin ne ke sa ka iya cin na biyu da na uku ba ka gundura ba. Romon a zuba wa kowa a ƙaramin kwano da zafinsa, ana tsomawa ana kurɓa. Abin da ya rage a sa shi a firji cikin awa biyu, tare da romonsa don kada ya bushe, a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu. Gobe da safe a kan shinkafa ko cikin burodi, ya ma fi na yau shiga jiki.

Wanda ya gwada da busasshen tattasai ya gaya mana yadda launin romonsa ya fito. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.